Ranar da Sabis Ya Cika

Duk unguwar, Nas ake ce mata saboda aikin jinya da take yi, har mahaifiyarta idan tana jin tsokana haka take kiranta. Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Idan famfo ya fara ɗiga, kafin maigidanta ya gama cewa gobe zai kira mai gyara, ta riga ta ɗauko sifana ta durƙusa. Wannan hali ya yi mata rana a asibiti. A gida kuwa, wani lokacin sai dai a ce Allah ya kyauta.

Ba abin da ya tsaya mata a rai kamar wayar Inna. Auta, ƙanin Nas, shi ya saya wa tsohuwar ita dab da zai tafi neman aiki a ƙetare. A hannun kamfanin layin ya saye ta, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, su kuma su kulle ta yadda ba za ta karɓi sim ɗin kowa ba sai nasu. Shi ya zaɓa wa Inna lambar, ya haddace ta, har yana cika baki cewa ko daga barci aka tashe shi zai karanto ta. Kiransa na ƙarshe daga bakin teku ya yi shi, iska tana cinye rabin maganar. Ya ce za su shiga jirgin ruwa, da sun sauka zai kira. Shekaru suka yi ta wucewa, bai kira ba.

Nas ta yi iyakar nemanta. Daga ƙarshe ta samu wani da suka kama hanya tare amma ya fasa, ya ce mata jirgin da su Auta suka shiga ba wanda ya ji labarin isarsa. Ta yi kukanta a ɗakin canza kaya na asibiti, ta wanke fuska, ta dawo gida ta faɗa wa Inna.

Inna ta ce, “Ba a ji ya isa ba, ai ba a ji ya nitse ba.”

Daga nan ba su ƙara tayar da maganar ba.

Tun watan da Auta ya tafi Inna ta dawo gidan Nas da zama. Gidan a ƙasan wani dogon bene yake, ga katangar wani sito ta tokare shi ta baya, sabis ɗin kamfanin nan ko da wasa ba ya shigowa. Wuri ɗaya ake samunsa, can ƙarshen matakala, kusa da ƙofar da ake fita wajen tankunan ruwa, shi ma tsinke ɗaya tal. Kullum da rana ta yi sanyi sai Inna ta ɗauki wayar da ɗan matashinta, ta kama ƙarfen matakala, tana hawa tana hutawa. Ta zauna a can har duhu ya fara, sannan ta sauko tana haki.

“Ƙila da safe ya kira, ina ƙasa,” haka take cewa tana murza gwiwa. “Wannan gida naku, ko mutum ya kira sau ɗari ba zai samu ba.”

Kullum sai ta faɗa, kuma kullum Nas ƙorafi take ji a ciki. Ita kuwa a duniyarta, ƙorafi abu ne da ake yi wa magani.

Wata yamma ƙafar Inna ta goce a matakala. Matar hawa na biyu ce ta same ta zaune a ƙasa, gwiwa ta kumbura suntum, amma wayar tana riƙe gam a hannunta, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Nas ta shiga naɗa mata bandeji cikin haushi da tsoro.

“Inna, an gama hawan nan. Gobe zan kai a buɗe wayar a sa mata layin da muke amfani da shi. Namu har banɗaki yana shiga.”

“Ki bar mini wayata yadda ya ba ni ita.”

“Wayar ce dai, ba canza ta za a yi ba. Kulle kawai za a cire.”

“Lambar fa? Ita kaɗai ya sani.”

“Da lambarki za ki koma. Yanzu ana ƙaura da lamba daga wannan kamfani zuwa wancan, ko ɗigo ba zai canza ba. Duk wanda ya kira, a kan gadonki zai same ki.”

Inna ta kalli bandejin. Ta buɗe baki kamar akwai sauran magana, sai ta rufe.

“To, Nas,” ta ce. “Ke kika sani.”

Nas ta ɗauka nasara ce.

Washegari ta sauka daga aiki ta wuce ofishin kamfanin, ta bi layi har ƙafafunta suka yi tsami. Yarinyar da ke teburin karɓar jama'a, mai fara'a da dogayen farata, ta duba kwamfuta ta ce layin da sunan Inna yake, ƙaura da shi ba matsala. An kuma gama biyan kuɗin wayar tuni. Sai dai ita wayar da sunan wanda ya saya take, shi za su ba lambar buɗewa.

“Ya zo da katin shaidarsa, yanzu-yanzu za a gama.”

“Ba ya nan.”

“To ya kira mu daga inda yake.”

Nas ta dube ta. Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka koya mata ta faɗa. Amma Nas ta ɗauki wayar ta fita ko sallama babu.

Da wata mace ce, da a nan ta haƙura. Nas kuwa sai ta tsallaka kasuwa, layin masu gyaran waya, wurin wani da ake kira Likita. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, ga gawarwakin wayoyi cike da kwali, ga warin dalma. Ya ga fararen kayanta ya washe baki.

“A'a, yau abokiyar aiki ce da kanta! Me ke damun majinyacin?”

“Kulle ne. So nake ta karɓi kowane sim.”

Ya juya wayar, ya ga yadda aka lulluɓe ta da leda aka ɗaure da roba.

“Wannan ta tsohuwa ce. Su ne ke yi wa waya zani.” Ya jona ta da kwamfuta. “Ba abin da zai goge, kada ki damu. Hotuna, lambobi, duk suna nan.”

Fuskar wayar ta kawo haske. Auta ne a jiki, ya karkata hula yana dariya, haƙorinsa na gaba da ya gutsure tun suna yara yana waje. Nas ta kawar da kai ta shiga karanta farashin caja a bango. Ba a jima ba Likita ya zare sim ɗinsa ya gwada, wayar ta karɓa.

“An sallame ku,” ya ce. “Ta sha caji sau ɗaya a rana, bayan abinci.”

Ta yi dariya, har ta ji nauyin ƙirjinta ya ragu. Sai da ta kai Inna ofishin sabon kamfanin a tasi, aka ɗauki hotonta da zanen yatsanta, aka ba su sabon sim. Bayan kwana biyu lambar ta ƙaura. Nas ta tsaya a tsakiyar ɗakin Inna ta ɗaga wayar kamar wadda ta ciyo kofi.

“Kin gani? Sabis ya cika taf! Bari in gwada.”

Ta kira da tata. Wayar ta ɗauki ƙara a cikin ɗakin, karo na farko tun zuwanta gidan. Inna ta zabura har ta manta da gwiwa, duk da tana kallon wadda ta kira.

“Kuma ko kashe ta kika yi, ko caji ya ƙare,” in ji Nas, “da an kunna za su turo saƙo su faɗi duk wanda ya neme ki. Babu kiran da zai ƙara ɓacewa.”

“Babu ko ɗaya?”

“Ko ɗaya, Inna.”

“Madalla,” in ji Inna, a hankali.

Kwanakin farko wayar ba ta bar tafin hannunta ba. Ta yi ƙara, ƙawarta ce ta tsohuwar unguwa. Ta sake yi, kamfani ne ke tallar garaɓasa. Wata rana wani ya yi kuskuren lamba, Inna ta riƙe shi tana tambayarsa daga ina yake kira, har ya gaji ya kashe. Bayan haka sai ta koma ajiye wayar a kan matashi, ta zauna ta zuba mata ido.

Gwiwa ta warke, amma Inna ta fara zubewa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Tsokanar da take yi wa maigidan Nas kan tumbinsa ta daina. Nas ta auna jininta, ta auna sukari, komai daidai. Ta canza mata maganin ƙarin jini, ta sayo 'ya'yan itace. Duk abin da ake aunawa ta auna, ba ta ga komai ba.

Ranar hutunta da hantsi ta shiga ɗakin da shayi. Inna tana zaune a bakin gado ta yi tagumi, wayar tana gefenta, tsinkayen sabis a tsaye reras. Nas ta tsaya da kofin a hannu. Sai a lokacin ta lura da abin da ya ɓace a gidan. Tun ranar da lambar ta ƙaura, ba ta ƙara jin Inna ta ce ƙila ya kira bai samu ba. Ashe maganar nan da take ji kamar ƙorafi, ita ce ke tayar da tsohuwar daga gado kowace safiya. Ita kuma ta bi ofis da kasuwa, da ƙafarta da ƙwazonta, sai da ta raba ta da ita. Garin neman gira ta rasa ido. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci ɗaya.

Ta ajiye kofin ta zauna kusa da ita.

“Inna, na ji ana cewa wannan sabon layin ma yana da matsala. Wai kiran ƙasashen waje ba kullum yake shigowa ba. Wata a wurin aikinmu ta ce—”

“'Yar nan.”

Inna ta ɗago ta dube ta.

“Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kada ki fara da tsufana. Layin nan lafiyarsa ƙalau. Kin yi aikinki da kyau.”

“Sai a mayar da ke tsohon. Wallahi gobe zan je, ana komawa.”

“A mayar da ni in ce me? Na riga na gani.” Inna ta shafa ledar wayar da babban yatsa. “Da can ina cewa yaron nan yana can yana ta nemana, ginin ne ya tare shi. Har tausayinsa nake ji, in ce yau ma ya ɓata kuɗinsa a banza. Yanzu ga hanya a buɗe, dare da rana.”

Hawaye suka ɓalle wa Nas. Ta kifa kai a cinyar uwar tana cewa ta yafe mata, ita gwiwar kawai ta gani. Inna ta dafa kanta, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ta bar ta ta yi mai isarta. Idonta ita a bushe yake.

Can ta ɗauki wayar ta miƙa mata.

“Nemo mini lambar kawunku.”

Nas ta share ido ta nemo. Bugu ɗaya ya shiga, muryar Kawu ta fito tar kamar yana cikin ɗakin, yana tambayar jiki da gwiwa. Inna ta karɓa da hannu biyu ta kara a kunne.

“Yaya, kana jina sosai? To. Ka sanar da dangi, a sa rana a taru a yi wa Auta addu'a.” Ta ɗan saurara. “A'a, ba wanda ya kira. Shi ya sa.”