Rigar Fatar Don Fulgencio

Ranar da wasiƙar ta iso Atlixco, Doña Leocadia tana bakin murhu tana juya wake. Ta karanta sau ɗaya, ta nemi kujera ta zauna, ta sake karantawa. Daga nan ta fita da ludayi a hannu, ba ko takalmi, ta faɗa gidan ƙawarta Eduviges.

"Amadeo Quintanar zai zo gidana ranar Asabar," ta ce tana haki.

"Wane Amadeo?"

"Amadeo nawa kika sani? Na talabijin, mai gashin baki."

Eduviges ta dafe ƙirji ta jingina da bango. Shekara shida ke nan su biyun suna kallon wasan kwaikwayonsa kowace yamma, sun yi masa kuka ya fi a ƙirga. Yanzu an ba shi wani sabon wasa da zai fito a matsayin matuƙin jirgin yaƙi, irin waɗanda Meziko ta tura Filifin a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ji labarin akwai wani dattijo a Atlixco mai ainihin rigar fatar matuƙan, shi ne yake so ya gan ta da idonsa.

Dattijon kuwa mijin Leocadia ne, Don Fulgencio, mai gyaran tarakta. Da aka karanta masa wasiƙar sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Rigar zai zo gani, tsohuwa, ba ke ba."

"Kai dai ka aske wannan gemun," in ji ta.

Kwana huɗu gidan bai zauna ba. Aka yanka talo-talo, aka niƙa kayan miyar mole tun Alhamis. Leocadia ta rina gashinta, rinin ya fito ja-ja kamar tukunyar ƙasa, ta yi kuka kaɗan sannan ta ce ai haka ake yayi a birni. Ranar Asabar tun da hantsi mata tara suka shigo aron gishiri, kuma babu wadda ta koma gida.

Da rana mota ta tsaya a ƙofa, Amadeo ya fito sanye da sabuwar rigar fata baƙa, sai sheƙi take. Eduviges ta matso kunnen ƙawarta.

"Ashe gajere ne."

"Rufe mana baki."

Amadeo ya kama hannun Leocadia ya sumbata. Duk gaisuwar da ta kwana uku tana haddacewa ta gudu, ta ji bakinta yana cewa, "Ai tun farko na san ba kai ka kashe ƙanenka ba." Amadeo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya gode da akwai mai yarda da shi, don shi kansa sai a kashi na ɗari na wasan ya samu labari.

Bayan an ci abinci Fulgencio ya fito da rigar. Ruwan ƙasa ce, gwiwar hannun ta tsattsage, har yanzu tana warin man inji. Amadeo ya tuɓe tasa ya saka ta, ta zauna masa daidai. Matan suka yi ajiyar zuciya tare.

"Don Fulgencio," ya ce, "ina so ka gaya mini yadda mutum yake ji in jirgi ya tsunduma ƙasa ana harbinsa."

Dattijon ya sosa haɓarsa. "Ka tambayi wani, ɗana. Ni ban taɓa hawa jirgin sama ba."

"Ko sau ɗaya?"

"A jirgin ruwa muka tafi, a jirgin ruwa muka dawo. Makanike ne ni. Rigar ta wani laftana ce da na kula da injinsa. Duk tashin da ya yi ya dawo lafiya, shi ne ranar da za mu rabu ya tuɓe ta ya ba ni."

Amadeo ya kalle shi. Sai ya ce ƙaramin jirgin da ya kawo shi yana nan a filin bayan gari, kujera huɗu ne, kuma rana ba ta faɗi ba, su zo su hau.

Leocadia ba ta jira amsar mijinta ba, tuni ta ɗauko mayafi.

A filin, Fulgencio ya ce babu inda za shi sai an buɗe masa injin. Ya zura kai ciki ya fi rabin awa, matuƙin yana ta kallon agogo. Ya nemi sifana ya ƙara wa wata kusa ƙarfi, sannan ya ce za a iya tafiya. Amadeo ya yafa wa Leocadia tsohuwar rigar saboda sanyin sama, hannun ya rufe mata yatsu.

Fulgencio ya zauna gaba, ita da Amadeo a baya. Jirgin ya yi gudu, ƙasa ta sake su, sai dariya ta ƙwace mata ta ƙi tsayawa. Ga gonaki sun zama kamar facin bargo, ga dutse mai aman wuta da farar ƙanƙara a kansa. Ta juyo za ta nuna wa Amadeo, ta same shi ido a rufe gam, gumi na bin gashin bakin, ya damƙe hannunta.

"Ki gafarce ni, Doña," ya ce. "Kullum haka nake yi. Don Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Haba, ni da wa?" in ji ta, tana lissafa waɗanda za ta fara gaya wa.

Da farko Fulgencio ya karkata kai yana sauraron injin. Can sai ya manna goshi a gilashi ya fara buga gwiwarsa.

"Tsohuwa, ga gidanmu can. Ashe kwanon ɗakin girki ya yi tsatsa haka, ba ki faɗa mini ba?"

"Shekara uku nake faɗa maka."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo, ya roƙi matuƙin ya sake zagayawa. Sau uku suka zaga garin. A ƙasa Eduviges da sauran matan suna ta kaɗa mayafai.

Fulgencio ya ba Amadeo aron rigar na wata uku, aka dawo da ita a kwali tare da hoto mai sa hannu. Ranar da aka fara nuna wasan falon Leocadia ya cika har tagogi. Fulgencio ya zauna a gaba, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce yaron ya yi ƙoƙari, amma ƙarar injin da suka saka ba ta jirgin yaƙi ba ce, ta jirgin feshin gona ce.