Saitin Motar Hashimu

Tun ranar da Hashimu ya shigo ƙauyensu na bayan Ɗanbatta da jif ɗin nan mai ɗagawa da sauka, yayarsa Hure ta ce ba mota ya sayo ba, abin nunawa ya sayo. Ga shi kuwa Inna, mahaifiyarsu, ta faɗi a bakin rijiya ta goce ƙugu, likita ya ce a kawo ta Kano ranar Laraba, a kwance, ban da jijjiga. A makon ne ƙwaƙwalwar da ke ɗaga ƙafafun motar ta mutu, jif ta durƙusa kamar raƙumi.

Hure ta ce a ɗauki bas ɗin Dabo maƙwabcinsu a shimfiɗa katifa. Hashimu ya yi tsaki.

"Uwata a motar kwasar gyaɗa? Haba Yaya!"

Ran Talata Kamaruddeen makanike ya zo daga Kano da sabuwar ƙwaƙwalwa da kwamfuta. Ya ɗaura, ya ce saura saiti: a kai motar shimfiɗaɗɗen wuri, kowa ya fito, don yadda ta tsinci kanta yau, shi za ta ɗauka daidai ne.

Ina! Filin makaranta shimfiɗaɗɗe ne, amma Hashimu ya ce can ba 'yan kallo. Sai gangaren ƙofar gida, inda 'yan majalisa ke zaune. Kuma wai shi babban mutum ba ya tsayuwa a rana, ya hakimce a kujerar baya da tumbinsa, sanyi na busa shi. Kamaruddeen ya faɗa sau ɗaya, aka daka masa tsawa, ya danna abinsa ya kama hanya. Hure na leƙe ta zaure, takaici kamar ya kashe ta.

Da safe aka kwantar da Inna a cikin jif. Suna hawa miƙaƙƙiyar hanya motar ta karkace, gefe guda sama, gefe guda na sharar ƙasa. Inna ta zame ta bugi ƙofa da ƙugun nan, ta ƙwalla ƙarar da Hure ba ta taɓa jin irinta ba.

Dabo aka kira. Ana ɗaukar ta zuwa bas, Hashimu ya buɗe ƙofa zai kama. Inna ta ɗago hannu, hawaye na bin kuncinta.

"Yi zamanka, ɗan nan. Kada rana ta taɓa ka."