Gwangwanin da ke Bayan Man Shanu

"Kada ki buɗe shi!"

Solange ta tsaya a gaban firij da gwangwanin a hannu. Faffaɗa ne kamar faranti, an naɗe bakinsa da baƙin salatif. A bayan man shanu da cuku ta same shi.

"To me ke ciki, Octave? Kifi?"

"Matata," in ji shi daga kan gado. "Haske ya taɓa shi, ta tafi ke nan."

Octave Brémond ya yi shekara arba'in yana riƙe kyamara a masana'antar fim. Yanzu shekarunsa tamanin da shida, idanunsa sun dusashe, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Solange, wadda ƙofarta ke kallon tasa a hawa na uku na wani tsohon bene a Montreuil, kusa da Paris, ita ke kawo masa miya da burodi. A safiyar nan ma'aikaciyar jinya ta gaya mata a kan matakala cewa kwanaki kaɗan suka rage masa.

Ya ba ta labarin a taƙaice. A kakar 1991, da ciwon matarsa Maryse ya tsananta, ya aro kyamara, ya ajiye kujera kusa da taga, ya manna salatif a ƙasa ya yi alamar giciye, yadda ake yi wa 'yan wasa don su san wurin tsayawa. Ya zaunar da ita tun ƙarfe biyu. Hasken bai yi masa ba.

"Ta ce ta gaji, na ce minti goma. Ta sake cewa, na ce minti goma. Ƙarfe huɗu da minti goma rana ta sauko kan giciyen, na kunna. Bayan kwana uku aka kai ta asibiti. Ba ta dawo ba."

"Kuma ba ka taɓa kai fim ɗin an wanke ba?"

"Madam Solange, idona yana kan hasken. Ban tuna ko tana kan kujerar ba."

Ta goge gwangwanin da gefen rigarta.

"Shekara talatin kana ajiye mace kusa da cuku. Kai dai ba ka da hali."

"Ita ma haka take cewa. Ki kai min. Ki kalla, ki gaya min."

Ta shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin wurin wanke fim a arewacin Paris. Mai wurin ya juya gwangwanin, ya karanta sunan da ke jiki, ya ce zai sa shi gaban sauran. Ran Alhamis ya kira ta. A wani ɗaki marar taga ya kunna mata. Minti huɗu ne, babu sauti.

Ɗakin Octave ne ya bayyana a fim ɗin, da labulen da har yanzu ke rataye. Rana ta shigo a karkace, ruwan zuma, ta kwanta kan kujera. A kan kujerar akwai mayafin ulu. Babu kowa. Kusa da ƙarshe inuwar mace ta bayyana a bango, wajen ƙofa, ta daɗe a tsaye, sannan ta fice.

Da Solange ta dawo ta tarar an jingina shi da matasai biyu. Ya sa an aske masa gemu.

"To?"

Ta rataye kwat ɗinta, ta ja kujera.

"Tana nan. Tana zaune, da mayafinta. Har da ɗan murmushi."

"Murmushi? Maryse?" Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Hasken fa, ta wane gefe ya taɓa fuskarta?"

Solange ta yi jinkiri.

"Ta dama."

Ya juya fuskarsa wajen taga. A ƙasa motar shara ta wuce.

"Tagar tana hagunta, maƙwabciya. Ke ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa nake cin miyarki."

Sai ta gaya masa gaskiya: kujerar, mayafin, inuwar da ke bango.

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya."

"Har yaushe?"

"Kusan minti ɗaya."

"Tana jira in juyo ne." Ya laluba bargo ya ja shi zuwa ƙirji. "Hasken ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Octave."

"Na sani," in ji shi.

Ya rasu ran Asabar da hantsi, ma'aikaciyar jinya tana dafa masa shayi. Mutum tara suka je jana'iza, uku daga cikinsu tsofaffin abokan aiki ne da suka yi ta gardama a kan shekarar da aka ɗauki wani fim.

Ran Litinin da yamma Solange ta shiga da makullinta don ta kwashe firij ta rufe tagogi. An riga an fitar da gado da darduma. A kan katakon daɓen, kusa da taga, giciyen salatif yana nan, ya koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya ɗago. Ta kai hannu kan marfin tagar, sai ta duba agogo. Ƙarfe huɗu da minti shida.

Ta saki marfin, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Rana tana tafe a hankali kan katako, saura taku ɗaya ta kai giciyen. A bango, kusa da ƙofa, akwai inuwar mace.