Larabar Assana

Ranar Laraba da safe Issifou ya buɗe ƙofa da akwatin kayan aikinsa a hannu, sai tsintsiya ta faɗo masa a ƙafa. Tsintsiyar kwakwa ce, an ɗaure gindinta da roba. Bai tambayi kowa ba, ya san ma'anarta.

A gidan hayar Hajiya Kulsum da ke unguwar Zongo a Lome, tsintsiya ce ke yawo ƙofa-ƙofa. Matar da ta wayi gari ta gan ta jingine a ƙofarta, ranar ita ce da sharar tsakar gida da wankin bayi. Tun da ya tare matan gidan ke tsallake ɗakinsa, suna jiran matarsa ta iso daga Mango. Yau dai haƙuri ya ƙare. Mariyatu, mai tuyar ƙosai ta ɗakin kusa da nasa, ta wuce da tire a ka tana faɗa wa iska cewa ita ba baiwar kowa ba ce, wadda ke can arewa tana hutawa ta zo ta ɗauki rabonta.

To, ina matar? Assana ta rasu tun kafin azumi. Gidansu na Mango ne ya yi masa faɗi, har tarin kansa yake ji yana dawo masa, shi ya sa ya tattara ya gangaro Lome, inda wani ɗan garinsu ya samo masa gefen rumfa kusa da kasuwar Assigamé yana gyaran keken ɗinki. Aiki ya samu, wurin kwana ya gagara. Shi da Yacouba dillali sun sha yawo a kan zemijan, wato babur ɗin haya, har ƙugunsa ya sage. Duk gidan da suka shiga tambayar ɗaya ce, kana da iyali? Da ya ce ta rasu, sai a yi masa ta'aziyya mai kyau, a raka shi ƙofa. Gwauro, in ji masu gida, ba ya shara, ba ya kulle ƙofa, kuma ba a san wa zai kwaso ba. Ya kwana a barandar masallaci har sauro ya san shi.

Ranar da Hajiya Kulsum ta yi masa tambayar, wallahi bai shirya ƙarya ba. Bakinsa ne ya riga shi, kamar yadda ya saba amsawa shekara da shekaru. Ya ce yana da ita, sunanta Assana. Da sunan ya fito kuwa sai ya ji wani sanyi a ƙirji, ya kasa janye shi. Ya ƙara da cewa tana tafe.

Yau bai je kasuwa ba. Ya koma ciki ya zauna a bakin katifa, yana sauraron gidan yana raguwa: 'yan makaranta suka fita da hayaniyarsu, mazan suka tada babura, matan suka bi da kayan talla. Kaɗaici bai taɓa damunsa kamar a irin wannan gida mai cike da mutane ba, inda kowa ke da wanda zai yi wa faɗa. Da ya ji shiru, ya naɗe ƙafar wando ya fito.

Ya fara yayyafa ruwa a kan yashin, don haka Assana ke yi. Ya soma daga lungu, ya janyo zuwa tsakiya, yana bubbuga gindin tsintsiyar a tafin hannu in ta saki. Bai san ya haddace hannunta ba sai yau. Ya kwashe ɓawon lemu da ledoji, ya ɗebo ruwa a rijiya ya wanke bayi tas. Bayansa ya riƙe, gumi ya jiƙa masa riga.

Da ya miƙe, sai ga Hajiya a kan kujerarta a ƙofar ɗaki, carbi a hannu. Ashe tsohuwar ba ta je ko'ina ba.

Ta kira shi da hannu. Bai kai gare ta ba ta tashi da kyar, ta dogara sandarta ta nufi ɗakinsa, wanda ya bari a buɗe. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Kwanukan Assana na jere a kusurwa, an goge su. Zanenta mai ruwan goro na rataye a ƙusa. Daga ciki, dab da ƙofa, takalminta na roba na ajiye, kafaɗa da kafaɗa da nasa.

"Issifou," ta ce, "macen da ke tafe ba ta aiko takalminta ya riga ta. Yaushe ta rasu?"

Ya dubi takalmin. Da kyar ya ce, "Kafin azumi, Hajiya."

Ta yi mata addu'a, ya amsa. Sannan ta faɗa masa abin da ya riga ya sani: tun rasuwar mijinta Alhaji ba ta taɓa ba gwauro ɗaki ba, kuma in ta fara a kansa, gobe kowane ɗan zemijan zai zo da tabarmarsa ya ce ai an yi wa wane. Matan gidan ma ba za su yarda ba. Issifou bai yi musu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya shiga ya sauke zanen daga ƙusa ya fara ninkewa, yana tunanin barandar masallaci, da inda zai kai kwanukan nan kada ruwa ya taɓa su.

Hajiya ba ta tafi ba. Ta juya tana duban tsakar gidan, yadda sawun tsintsiya ya kwanta a yashi layi-layi.

"Ita ta koya maka?"

"Kallo kawai nake yi, Hajiya."

Ta ja carbinta.

"Ni ban ba gwauro ɗaki ba," ta ce. "Assana na ba. Laraba tata ce. Ranar da ta fasa shara, ku fita ku biyun. Matan kuma ka bar ni da su."

Ta ja sandarta ta koma.

Da la'asar Mariyatu ta dawo. Ya ji Hajiya ta kira ta, ya ji sun yi ƙasa da murya, ya ji tiren ya sauka a hankali. Can sai ga takunta a ƙofarsa. Ta zo karɓar tsintsiya ne ta kai ɗaki na gaba, kuma a gidan nan ba a karɓarta sai an kira mai ita. Ta tsaya a bakin ƙofar.

"Assana," ta ce a hankali, "a miƙo tsintsiya."

Rabon da ya ji an kira sunan nan a tsakar gida tun Mango. Ya mayar da zanen kan ƙusa, ya share fuska da hannun riga.

"Ga ta nan zuwa," ya ce.