Makabartar Motoci

Shekara shida ina tara kuɗin ƙaramar mota, kuma na san sau ɗaya zan iya saye. Ni ungozoma ce. Idan aka kira ni haihuwa, ba ni da lokacin lallashin mota kafin ta tashi. Dillali ya nuna mini uku: mai ɗan inji da turbo mai ƙara masa ƙarfi, mai haɗin batir da fetur, sai wata mai inji irin na da, wadda ko yawunsa bai ɓata a kanta ba. Ni kuwa mai turbo ta shiga raina, ja wur, ga tsimin mai.

Na kai maganar wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon bakanike. Sai kawai ya ja ni filin da ake jibge matattun motoci. Raina ya ɓaci.

"Kawu, mota zan saya fa, ba ta'aziyya na zo ba."

"A wurin dillali kowacce lafiyayya ce, 'yar nan. Zo ki ga yadda suke tsufa."

Ya tsaya gaban wata irin wadda nake so, fenti na ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. "Me ya kawo ta nan da kyanta? Injin ne ya riga jikin mutuwa. Abin da mai ita ya rage a gidan mai, gareji ya kai shi." Da muka iso kan mai batir ya ce ba ta da laifi, amma ranar da batirin ya gaji, zan ji a jikina.

Can ƙarshen fili muka tarar da wani ƙwarangwal, tsatsa ta cinye ƙofofin, ciyawa ta fito ta ƙasan kujeru. Gurbin injin wayam.

"An sace ne?"

"Yi shiru ki saurara."

Sai na ji wani sauti daga bayan rumfa, a natse, ba tari ba gargada. Muka zagaya. Ga injin nan a kan ƙafafun ƙarfe, baƙi ƙirin, yana juya janareton da ke ba filin gaba ɗaya wuta.

"Ƙwarangwal ɗin can motar babanki ce," in ji Kawu. "Ni nake tuƙi ranar da aka haife ki a kujerar baya. Ke kika yi gaggawa, ita ba ta tsaya ba. Waccan ta ukun da dillali ya raina, injinta jikan wannan ne."

Na sha jin labarin, amma ban taɓa zaton injin yana raye ba. Ƙarfen da ya girme ni, ya binne gangar jikinsa, babana ya rasu ya bar shi, har yau bai ajiye aiki ba! Na kai hannu kusa da shi, ɗuminsa ya bugi tafina, hawaye suka zubo.

"Ta ukun zan ɗauka, Kawu."

Ya goge hannu a rigarsa. "To, ki riƙa canza mata baƙin mai a kan lokaci. Babanki bai taɓa fashi ba."