Rufin da Tanko Ya Juya

Daren jiya, bayan na jera bokitai huɗu a ƙarƙashin yoyon ɗakin yara, na kwanta na yi wani mafarki.

Na gan ni a ofishin inshorar gidaje, takardata a cikin leda. Ofishin babu rufi ko kaɗan, amma kowa a bushe yake. Magana ɗaya ta kai ni: ɗakin da 'yata Asabe ke kwana yana yoyo, ita kuwa mai ciwon ƙirji ce, ɗan danshi kaɗan sai ta kwana tana tari. So nake su gyara kafin damina ta yi nisa.

Wata zabuwa ce sakatariya. Ta ce, "Malam, ruwan ya zubo ne, ko yana shirin zubowa?"

Na ce, "Ya zubo, ranki ya daɗe."

"To ka makara."

"Ai na zo tun watan jiya."

"Lokacin ka yi gaggawa. Zauna."

Manajan ƙadangare ne, cikin babbar riga. Ina bayani yana gyaɗa kai, har na fara murna. Da na gama sai ya ce, "A'a." Bai daina gyaɗa kan ba.

Ya tambaye ni ko wani ya taɓa rufin bayan mun sa hannu a takardar inshorar. Na faɗi gaskiya. Bara, da muka ƙara wa bango tsawo, Tanko kafinta, ƙanin matata, ya ce sayen sabon kwano almubazzaranci ne. Ya cire tsohon ya juya shi, gefen tsatsa ya koma ciki, mai ƙyalli ya koma waje. Tsofaffin ramukan ƙusa ya toshe su da tsumma da kwalta. Maƙwabta har barka suka yi mini ta sabon rufi, ni kuwa na amsa da fara'a.

Sai ga mu a ɗakin yara. Ruwa na tsattsafowa daga daɓe yana hawa sama, yana fita ta ramukan ƙusa. Bokitaina suna manne a silin, a kife. Katifar Asabe tana lilo kusa da fanka, ita kuma tana kai tana tari.

Ƙadangaren ya hau bango ya leƙa, ya sauko. Ya ce, "Malam, rufin da muka yi wa inshora bayansa ne ke kallon sama. Wannan cikinsa ne. Ba mu san shi ba."

Na ce, "Shi ne dai, yallaɓai. Juya shi aka yi."

"To a juya gidan."

Nan take Tanko ya ɓullo daga cikin bokiti da igiya a kafaɗa. "Yaya, kada ka ba wa bare. Aikin rabin yini ne."

Na ce, "Tanko, bara ma haka ka ce."

"To ba a gama a rabin yinin ba?"

Ya ɗaure gidan ya ja, gida ya kife. Asabe ta faɗo hannuna, jikinta sanyi ƙalau. Muna tsaye a kan kwano, ruwa na zuba mana ta daɓe.

Ƙadangaren ya duba sosai, ya buga hatimi da jelarsa. Ya ce, "Madalla. Yanzu mun gane rufinmu."

"To yaushe za a gyara?"

"Ai yanzu daɓe ne, Malam. Mu ba ma gyaran daɓe." Yana gyaɗa kai.

Ƙarar guduma ce ta tashe ni, daidai saman kaina. A ɗakin yara Asabe na tari. Matata Balaraba ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Malam, tashi. Mai inshora ya ce ƙarfe goma zai zo duba rufin. Na faɗa wa Tanko, ga shi can a sama. Wai zai mayar da kwanon yadda yake da, kafin mutumin ya iso."