Shaidar Rai da Cokalin Zuma

Sau biyu a shekara gwamnati takan so ta ji ko na mutu, don ta san lokacin da za ta daina biya. Ni kuwa da na koyar da tarihi a makarantun Rivera, na kuma koyar a na Livramento can tsallaken titi, gwamnatoci biyu ke zaman jiran labarina. A gefen Uruguay in tsaya gaban kyamara in ƙifta ido, in tsallaka gefen Brazil in dangwala yatsa a na'ura, duk don a tabbatar Eleodoro Fagundez bai ba kowa hutu ba. Ranar da matata Ondina ta rasu babu ofishin da ya nemi shaida biyu. Sau ɗaya na faɗa, suka yarda nan take.

Layin rayayyu muke ce masa, mu 'yan fansho. Kowa yakan zo da ƙoƙon mate, shayin ganyenmu mai ɗaci da ake zuƙa da bututu, da fulas a hammata, a sha, a yi gulma. Wanda ba a gani ba, ba a tambayarsa. A matsa gaba, layi ya ragu da mutum ɗaya.

A wannan layi abokina Anacleto Silveira ya kamu da so. Tsohon mai raba wasiƙu ne, a wannan gefen Don Anacleto, a wancan Seu Anacleto, duk dai Malam ke nan, a kowane gefe kuma bakinsa a ɗinke. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai maganar mutane ƙofa-ƙofa, tasa ko ɗaya bai taɓa isarwa ba.

Wadda ta kama shi Dona Zulmira Trindade ce, tsohuwar nas da ta yi aiki a asibitocin gwamnati na ɓangarorin biyu. Sabulu da maganin wanke hannu sun cinye zanen yatsunta ƙaf, don haka na'urar can tsallake ba ta ganinta. Ta dangwala, na'ura ta yi ja. Ta lashi yatsa ta sake, ja. Ƙa'ida kuwa, wanda na'ura ta ƙi, sai wani ɗan fansho ya ɗaga hannu ya rantse cewa wannan da ke tsaye tana masifa a raye take. Karon farko Anacleto ne a bayanta, ya ɗaga hannu. Tun daga ranar ya mai da abin sana'a. Yakan yi aski, ya goge takalmi, ya zo ya rantse. Ta ce masa ya kyauta, ya ce ba komai, 'yarta Marilene ta zuba ta a mota su koma gonar tumakinsu can bayan duwatsu, inda kwalta ba ta kai ba. Marilene ba ta shigo da ita gari sai dole, kuma layin rayayyu ne dolen.

Sai manya suka zauna a manyan birane suka ga ya kamata su tausaya mana. Asusun fanshon nan da na can suka ƙulla yarjejeniya: abin da kyamarar wannan gefen ta gani, wancan gefen ya yarda da shi. Kuma ba sai ka zo ba, daga ɗakinka ka ƙifta wa waya ido, ƙasashe biyu su yi haƙuri da kai na wasu watanni. Na karanta tarihin yarjejeniyoyi da yawa, yawancinsu kafin tawada ta bushe an koma yaƙi. Wannan ce ta farko da na ga tana da amfani, kuma ita ce za ta kashe abokina.

Ya same ni a tsakar gida, ya zauna a kujerar Ondina ba tare da ya tambaya ba, ya fara zuba mate.

"Ka ji?" ya ce.

"Na ji. Ƙasashe biyu sun haɗa kai sun kore ka daga aiki."

"Ran Juma'a ne layin ƙarshe. A dandali za a yi, tare da bikin sa hannu. Daga shi shi kenan, Don Eleodoro. Ba ta da dalilin shigowa gari."

"To ka buɗe baki ka ba ta dalili."

"Na gwada. Bara na buɗe."

"Me ya fito?"

"Na ce mata kamar za a yi ruwa."

"An yi?"

"Ba a yi ba."

Na dube shi. Mutum ya haura saba'in, kunnuwansa sun yi ja kamar na ɗan makaranta. Na so in ce masa aure ba komai ba ne sai hanyar koyon kewa da wuri, amma na san ba zai ji ba, ni ma a shekarun baya ban ji ba.

"Kakanninmu," na ce, "ba su iya karatu ba, amma sun fi mu dabara. Da ƙoƙo suke magana. A ba ka shi da sanyi, kama gabanka. A sa kirfa, kana cikin zuciya. A sa zuma fa?"

"Aure," ya ce, murya can ƙasa.

"Zulmira 'yar ƙauye ce, ba ta buƙatar fassara. Kai za ka zuba. Ka zaunar da ita a damanka, in ka sha naka na farko ka ɗiga zuma a gindin bututu, ka cika, ka miƙa mata. Ko bebe zai iya."

"Ya ka san yana aiki?"

"Sha matenka, ban zo nan ba da tarihin kaina ba."

Ondina ce ta sa mini zumar, a bayan shagon babanta, bayan ta gaji da jin ra'ayina a kan faɗuwar dauloli. Ban gaya masa ba. Na miƙa masa ƙoƙon na ce na gode, wato na ƙoshi kar a sake ba ni, ya ɗauki fulas ɗinsa ya tafi neman zuma.

Ran Juma'a aka kafa tebur a tsakiyar dandali daidai kan iyaka, ƙafa biyu a Uruguay, biyu a Brazil, don kada wata ƙasa ta ce an raina ta. Ga tutoci, ga 'yan badujala, ga rumfa ga manya, ga rana ga 'yan fansho. Daga Montevideo aka aiko wata Dakta Berrutti, siririya mai gilashi, daga Porto Alegre kuma Dakta Albuquerque, ƙaton mutum mai gemu da muryar da ba ta buƙatar lasifika amma aka ba shi. Ya ce yau tarihi ya buɗe sabon shafi. Na koyar da tarihi shekara da shekaru, na san duk lokacin da aka ce ya buɗe shafi, a tsaye za a bar tsofaffi.

Mun samu benci biyu a ƙarƙashin wata bishiya. Muka yi da'ira: Anacleto, Zulmira a damansa, ni a damanta, sai wasu tsofaffin mata uku da ba sa barin komai ya wuce su. Zulmira ta riga ta yi dangwalenta na ƙarshe, na'ura ta yi ja, Anacleto ya yi rantsuwarsa ta ƙarshe kamar mai karanta wasiyya. Marilene na tsaye nesa kaɗan tana kaɗa makullin mota.

"Mama, kin gama ai. Tumaki ba su san da biki ba."

"Bari in sha ɗaya," in ji Zulmira. "Seu Anacleto, yau ban gane maka ba. Ka auna jini kuwa?"

"Lafiya lau, Dona Zulmira. Kamar... kamar za a yi ruwa."

Na taka masa ƙafa.

Ya sha nasa na farko, mai ɗacin. Ya juya baya kaɗan, ya zaro 'yar kwalba da cokali daga aljihu, ya ɗiga. Ba ɗigo ya yi ba, rabin kwalbar ya juye, har ƙamshin ya iso hancina. Tsofaffin nan uku suka ɗaga kai a tare kamar kaji sun ji an watsa tsaba. Ya cika ƙoƙo da ruwan zafi, ya ɗaga shi da hannu biyu.

Daidai nan mai ɗaukar hoto ya iso, yana jan manyan baƙi a baya.

"Yawwa, ga su! Dakta, shiga cikinsu, a ga shugabanni da jama'a. Baba, matsa. Mama, ɗan gusa kaɗan."

Kafin wani ya ce uffan, an gusar da Zulmira, an dasa Dakta Albuquerque tsakaninta da Anacleto. Benci ya yi ƙara. Ƙoƙo na sama, kuma wanda ke daman mai zubawa yanzu mutum ne mai gemu.

Ba a tsallake hannu a da'irar mate. Ana iya tsallake iyaka da buhun sukari a kai, dukanmu mun yi, amma hannu ba a tsallake shi. Na ga Anacleto yana kallon ƙoƙon, yana kallon Zulmira ta bayan kafaɗar Dakta, yana kallona. Da mutumin banza ne da ya miƙa hannu ya wuce. Amma mai raba wasiƙu ne, gida-gida yake bi, ba ya ƙetare ƙofa. Ya ba Dakta.

Dakta Albuquerque ya yi wa kyamara murmushi, ya kurɓa. Murmushin ya tsaya. Ya sake kurɓa don ya tabbatar. Ashe shi ma ba a birni aka yanke masa cibiya ba. Ya sauke bututun daga baki, ya dubi Anacleto sama da ƙasa, sannan ya yi magana da muryar nan tasa, makirufon lasifikar kuma yana maƙale a wuyan rigarsa ba a kashe ba.

"Seu... wa?"

"Anacleto, ranka ya daɗe."

"Seu Anacleto, na ji daɗi ƙwarai. Amma abin da muka zo haɗawa yau asusun fansho ne. Ni ina da mata, da jikoki."

Dandali ya ɗauka. Uruguay ta yi dariya, Brazil ta yi dariya, mai busa ƙaho ya ƙware. Dakta Berrutti ta tambayi abin da ya faru, ɗaya daga cikin tsofaffin ta raɗa mata, ta cire gilashi tana share ido.

"Ka yi tunani dai, Dakta," wata ta ce, "yana da fansho!"

"Kuma ba ya magana, miji na gari!"

Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. Anacleto ya zama fari kamar takarda. A ranar da ya zo shaidar rai, na ga mutum yana addu'ar ƙasa ta tsage. Dakta ya shanye, don ba a mayar da ƙoƙo da saura, ya miƙa masa ya ce ya gode sau uku, ya tashi ya koma wajen tebur yana girgiza kafaɗa don dariya.

Marilene ta matso. "To, an yi wasan kwaikwayo. Mama, tashi."

Anacleto ya sunkuya, ya karkata ƙoƙon zai zubar da ganyen a gindin bishiya.

"Kai, me za ka yi?" in ji Zulmira.

"Ya... ya lalace, Dona Zulmira. Zan sa sabo."

"Layin wa ne yanzu?"

"Naki."

"To da wa ka yi shawara za ka zubar mini da rabona? Cika."

Ya cika. Rabin ruwan a ƙoƙo, rabi a takalminsa da ya goge. Ta karɓa. Zumar da ya juye kuwa ta isa zagaye goma, ko ƙudan zuma zai ce an yi ɓarna. Ta kurɓa a hankali, idonta a kansa, da irin kallon da nas ke yi wa mara lafiyar da ya ce ya sha maganinsa.

"Na daɗe ina mamaki," ta ce. "Mutum ya yi ta rantsuwa gaban hukuma cewa ina raye, bai taɓa tambaya me nake yi da ran ba."

"Me... me kike yi da shi?"

"Ƙirga tumaki. Me ka zata?"

Ta ja har bututu ya yi ƙurrr, ta miƙa masa ƙoƙon, ta naɗe hannu. Muka jira. Tsofaffin nan uku sun daina numfashi, abin da ke da hatsari a shekarunsu.

"Mama," Marilene ta ce, "ki ce kin gode mu tafi."

"Ban gode ba."

"Mama!"

"Na ce ban gode ba. Je ki wajen tumakinki. Da yamma akwai motar madara, in na ga dama in hau."

Marilene ta dubi uwar, ta dubi Anacleto, ta dubi kwalbar da ke leƙowa daga aljihunsa. Sannan ta zauna a inda Dakta ya tashi, ta ce tunda haka ne a zuba mata ita ma, tana so ta ji irin mutumin da za ta riƙa ciyarwa ran Lahadi.

Can a tebur aka sa hannu, aka yi tafi, 'yan badujala suka busa taken ƙasashe biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ba daidai ba. Babu wanda ya waiga daga bencinmu.

"Don Eleodoro," Zulmira ta ce, "za a buƙaci shaida ran aure. Ka iya ɗaga hannu?"

"In dai ba za a ce in yi murmushi ba."

"Ba mu nemi abin da ya fi ƙarfinka ba."

Ƙoƙo ya zagayo kaina. Na gaya musu gaskiya, cewa an lalata ganye mai kyau, kuma mate mai zaƙi abin sha ne na yara da marasa haƙori. Rabona da wannan ɗanɗanon tun ranar nan a bayan shagon surukina. Na ja har ya yi ƙurrr, na miƙa wa Anacleto.

Ya tsaya yana jiran in ce wani abu.

"Me kake kallo?" na ce. "Zuba wa na gaba, ruwa na hucewa."